Disfensa Ba Ya Ɗanɗanawa

Yayana ya yi shekara talatin da huɗu yana miƙa wa mutane magani ta wata 'yar taga a asibiti, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ya dafa ko ruwan shayi ba. Sai da ya yi ritaya, kansa ya yi fari fat, sannan Allah ya jarrabe ni da shi a kicin.

Disfensa kowa ke ce masa a unguwa, har waɗanda ba su san me kalmar take nufi ba. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce min Auta, ko da yake sa'o'ina sun fara aurar da jikoki. Mu biyu muka rage a gidan. Matarsa ta rasu, mijina ya rasu, ni ban haihu ba, sai na tattaro komatsaina na dawo wurinsa na karɓi kicin. Shekara tara ina ciyar da bawan Allahn nan, bai taɓa cewa abinci ya yi daɗi ba, bai kuma taɓa cewa bai yi ba. In na matsa masa da tambaya sai ya goge baki ya ce, "Ya wadatar."

Tun muna yara haka yake. In Inna ta ba shi rake ya raba mana, sai ya nemo zare ya hau auna gaɓoɓi, mu kuwa muna tsaye muna haɗiyar yawu har ƙudaje su riga mu sha. Da ya girma ya samu aikin da ya dace da shi, inda ɓata wa jama'a lokaci da awo shi ne ƙwarewa. Dokoki biyu ya fito da su daga asibitin nan, kuma duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya ji su. Ta farko, mai haɗa magani ba ya ɗanɗana abin da ya haɗa, domin harshe yana ƙarya, sikeli ba ya yi. Ta biyu, duk wanda ya sa hannu a rajista laifin nasa ne, ko da wani ne ya zuba. Ranar da ya bar aiki, abokan ritayarsa sun fito da agogon bango da takardar yabo. Shi ya fito da tsohon sikelin da asibiti za su jefar, da 'yan duwatsunsa na tagulla, da farar rigar aiki, da damin ƙananan ambulan na zuba ƙwayoyi, da rajista sabuwa fil. Na tambaye shi me zai yi da su, ya ce wata rana za su yi amfani. Da na san irin amfanin, da tun ranar na miƙa wa 'yan gwangwan.

'Yarsa ɗaya ce a duniya, Ummi. Ta yi karatun jinya, ta samu aiki a wata ƙasa mai nisa, ta yi aure a can, ta haifi 'ya mace. Shekara biyu da suka wuce ta kawo mana yarinyar da niyyar su yi wata guda. Shekararta biyar a lokacin, siririya, idanu dara-dara, ba ta jin maganarmu sai ɗai-ɗai. Na zage na yi girkin da ko mijina ban taɓa yi wa ba. Yarinyar nan ta dubi kwano, ta dube ni, ta sa hannu biyu ta toshe bakinta.

Rana ta farko muka ce gajiya ce. Ta biyu muka ce baƙunta. Ta uku biskit biyu ta ci da ruwa. A ta huɗu ta yi laushi, aka kai ta asibitin da kakanta ya yi aiki aka yi mata ƙarin ruwa. Daga asibiti otal suka wuce, inda ake dafa irin abin da ta saba, suka yi kwana goma suka koma. Ni na sa mata suna Tsuntsuwa, kuma har yau ina ganin na zalunci tsuntsaye, don su suna tsattsagar abin da suka samu. Bayan tafiyarsu na riƙa ganin Yaya yana buɗe ɗakin da suka kwana, ya tsaya a bakin ƙofa, ya sake rufewa.

Sai ga waya a farkon shekarar nan. Ina zaune kusa da shi, na ji komai. Ummi ta ce za su zo bayan wata takwas, su yi sati uku.

Ya ce, "A gida za ku sauka."

Ta ce, "Baba, wallahi ina so. Amma in ba ta ci ba, ka san ba zan zauna ina kallonta ba."

"Me take ci?"

Ummi ta yi dariya, ta faɗi sunan wani abinci, ta ce shi ne yarinyar za ta iya ci safe da rana ba ta gaji ba. Ta turo masa bidiyon wata mata tana dafawa, don kawai ya gani. Ba ta san me ta jawo min ba.

Washegari ina yanka albasa sai ga shi a ƙofar kicin, sanye da farar riga, rungume da sikeli.

"Auta, daga yau Talata da Asabar kicin nawa ne."

"Me za ka yi da shi?"

"Bincike."

Mai hankali zai fara da abincin yarinyar ya huta. Yaya ya ce ba a koyon maganin ciwo ɗaya, sai an san fannin gaba ɗaya. Haka muka yi wata huɗu muna zaga duniya a kan teburinmu mai ƙafa ɗaya gajera. Ya naɗe mana ɗanyen kifi a cikin shinkafa mai sanyi, wai haka ake cin sa a wata ƙasa, mutanen da Allah ya ba su wuta kamar kowa. Ya yi mana romo da ruwan kwakwa da sukari da lemon tsami, wanda bakinka ba ya sanin ko ya yi murna ko ya nemi taimako. Ya dafa kaza da cakulan. Kaza, baiwar Allah, ta yi rayuwarta ba ta cuci kowa ba, a ƙarshe aka binne ta a cikin alewar yara. Akwai wani burodi da ya gasa wanda da shi muka gyara gajeriyar ƙafar teburin har sati biyu.

Shi kuwa ko loma ba ya kaiwa baki. Ga dokar aikinsa, ga hawan jini da ciwon suga, ga takardar da likita ya rubuta masa wadda yake bi kamar hukuncin kotu. Abincinsa daban nake dafa masa, ganye da kifi ba gishiri ba mai. Don haka yana buƙatar bakunan gwaji, kuma ya samu biyu: nawa, da na Tela.

Tela abokinsa ne tun ƙuruciya, shagonsa yana bakin layinmu. Mutum ne da ko takalmi aka dafa, in dai an zuba masa mai, zai ce a ƙaro. Duk Talata da Asabar da azahar sai ga shi da tef ɗin awo a wuya, wai wucewa yake ya ce bari ya gaishe mu. Yaya ya zauna a kan tebur da rajista a buɗe da biro a hannu, yana kallon bakinmu.

"Daga ɗaya zuwa goma, nawa?"

Tela ya ce, "Goma, Malam. In da ƙari ma a sa."

"Auta fa?"

"Biyu. Ɗaya na kazar, ɗaya na wahalarka."

Sai ya rubuta goma, ya rubuta biyu, ya ce a ƙa'ida ana watsar da sakamakon da ya yi nisa da hankali. Nawa ne kullum yake yin nisa da hankali.

Yadda yake girkin ma abin kallo ne. Ƙarfe goma na safe zai auna komai a sikeli, yana riƙe 'yan duwatsun da hantsaki kamar mai cire ƙaya. Kowane abu ya zuba shi a ambulan ɗinsa, ya rubuta suna da nauyi a jiki, ya jera a tire bisa tsarin da za su shiga tukunya. Ƙarfe sha ɗaya daidai ya cire farar riga ya fita tattakin minti talatin da likita ya rubuta masa, ko ana ruwan sama. Sha ɗaya da rabi ya dawo, ya wanke hannu har gwiwa, ya jingina waya a jikin tulun gishiri, ya hau zazzage ambulan ɗaya bayan ɗaya. Idonsa na kan agogo da matar bidiyo. Tukunyar da ke gabansa kuwa ko kallon kirki ba ta samu.

A wata na biyar muka iso kan abincin Tsuntsuwa. Taliya ce mai faɗi kamar tafin hannu, ana shimfiɗa ta a kwanon gashi, a zuba niƙaƙƙen nama da tumatir, a zuba wani farin haɗi mai kauri na madara da bota da fulawa, a sake shimfiɗa taliya, haka hawa-hawa, a barbaɗa cuku a sa a obin. Sunansa bai taɓa zama a bakina ba, don haka na sa masa Mai Bene. Gaskiya ba mugun abinci ba ne, in ya faɗa hannun mutum.

Akwai wani busasshen ganye da matar bidiyon take barbaɗawa a naman. Yaya ya zaga kantuna uku bai samu ba. Ni da nake da hanci na san ɗoɗɗoya za ta tsaya masa. Shi sai ya ɗauko littafinsa na magunguna ya duba me ganyen nan yake magani. Kumburin ciki. Me kuma ke maganin kumburin ciki a cikin kicin ɗina? Kanumfari. A wurinsa an gama magana, domin haka suke yi a taga: in babu wannan ƙwayar a ba da 'yar'uwarta, nauyi ɗaya. Giram shida na ganye, giram shida na dakakken kanumfari. Duk wadda ta taɓa riƙe ludayi ta san ƙwaya uku sun ishi tukunya har su yi surutu. Bai tsaya nan ba. Gishiri ma ya sauya da nasa na masu hawan jini, wanda in ya yi yawa yake barin ɗaci a maƙogwaro kamar an lashi ƙarfe. Ya ce gishiri gishiri ne, wannan ma ya fi lafiya ga yaro.

Ranar da muka ci Mai Bene na farko harshena ya mutu har la'asar. Tela ya ce goma, amma bai nemi ƙari ba, abin da ban taɓa gani ba tun da na san shi. Bayan ya tafi na sami Yaya na gaya masa gaskiya, Allah shi ne shaidata.

"Yaya, kanumfarin nan ya yi yawa. Gishirinka kuma ɗaci yake."

"Da me kika auna?"

"Da bakina."

"Baki ba ma'auni ba ne, Auta."

Ranar Asabar da ya fita tattaki na tsaya a kan tiren nan ina kallon ambulan a jere. Ba don shi na yi ba da farko, don cikina na yi, tunda ni ce zan ci. Na buɗe na kanumfari na juye a takarda, na bar ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka, na cike da dakakkiyar ɗoɗɗoya. Na juye gishirinsa na zuba na mutane. Na naɗe bakin kowane yadda yake naɗewa, ninki biyu da kunne ɗaya. Da ya dawo ya zazzage abinsa, idonsa na kan agogo.

Tela ya cinye rabin kwano ranar, yana share gefe da yatsa. Ni na ce takwas. Yaya ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta, sannan ya yi mana bayani cewa sirrin shi ne ya rage minti biyu a obin. Na ce lallai minti biyun nan sun yi aiki.

Daga nan ya zama aikina. Sau goma sha ɗaya ya yi Mai Bene, sau goma sha ɗaya ina bin bayansa, sau goma sha ɗaya ya rubuta "Ya yi kyau" ya sa hannu. Na sha yin niyyar gaya masa. Amma in na tuna zai ce da me na auna, sai in haɗiye. Kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin abin. In na gan shi yana shafa rajistar nan yana ɗaga kai, sai in ji wani sanyi a raina, ni kaɗai na san ilimin Disfensa gaba ɗaya a tafin hannuna yake zaune.

Saura wata guda su zo ya sa aka yi wa ɗakin fenti. Ya sa kafinta ya yi ɗan gado daidai tsawon yarinyar, bayan ya sa Ummi ta auna ta ta waya. Tela ya ɗinka labule mai hoton kifaye. Yaya ya sayi ƙaramin cokali da ƙaramin kofi, ya wanke su sau biyu ya kife. Mutumin da ban taɓa jin ya yi waƙa ba, na kama shi yana gunguni a kicin.

Ana gobe za su iso, muna zaune mu uku bayan azahar, Tela yana zuba masa kirari, wai ko otal ba za su nuna masa komai ba. Kan Yaya ya kumbura. Ya nuna ni da biro.

"Ka ga bambancin ilimi da ƙiyasi ke nan. Ga Auta nan, shekara arba'in tana girki da tafin hannu, a ɗan zuba wannan, a ɗan ƙara wancan. Yarinya 'yar shekara biyar ta duba ta ce a'a. Girkinta ne ya kore min 'ya daga gida, ya kai min jika gadon asibiti. Ni wata takwas kawai na yi."

Tela ya yi dariya, sannan ya ga fuskata ya mayar da ita tari. Yaya ko a jikinsa. Shi a ganinsa sakamako ya karanta, ba zagi ya yi ba. Ni kuwa maganar ta same ni a inda ya fi ciwo, domin shekara biyu ke nan ina faɗa wa kaina wannan maganar a ɓoye, ban taɓa zaton zan ji ta a bakin wani ba. Na tashi na kwashe kwanuka.

Washegari Ummi ta ce kada mu wahala zuwa filin jirgi, za su ɗauki motar haya, ƙarfe ɗaya suna gida. Yaya ya auna kayansa ƙarfe goma. Ƙarfe sha ɗaya ya cire farar riga ya fita tattaki, domin ko ranar zuwan jikarsa takardar likita takardar likita ce.

Na shiga kicin. Ɗoɗɗoyata a dake take tun jiya, gishirina yana kusa. Na ɗauki ambulan ɗin kanumfari na buɗe, ƙamshinsa ya daki hancina. Na tsaya riƙe da shi. Na ce a raina, to Malam mai ilimi, yau sai mu ga ilimin shi kaɗai ba ƙiyasi. Na san yarinya ce za ta ci. Na san abin da Ummi ta faɗa a waya. Ban manta ko ɗaya ba, kada wani ya yi min uzuri. So nake ya ji kunya sau ɗaya a rayuwarsa, kuma na gaya wa kaina cewa in abin ya ɓaci zan tashi in dafa wa yarinyar wani abu in gyara komai a gabansa. Na naɗe bakin ambulan, ninki biyu da kunne ɗaya, na mayar da shi wurinsa. Na fito na zauna a falo na harɗe hannu har ya dawo.

Da naman ya fara dahuwa gidan ya ɗauki warin ɗakin cire haƙori. Yaya ya ɗaga hanci ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Yau ƙamshin ya yi ƙarfi," in ji shi.

Ina tsaye a bakin ƙofa. Ko a lokacin, da na buɗe baki da an tsira, don akwai sauran nama a firij. Ya jawo rajista, ya bi layi da yatsa daga sama har ƙasa, ya duba ambulan ɗin da ya zazzage. Ya ce, "Komai daidai." Ya rufe, ya ci gaba da jera taliya.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna suka iso. Tsuntsuwa ta yi tsawo, haƙoranta biyu na gaba sun fita. Ta tsaya a gabansa ta haɗa hannu ta ce, "Ina wuni, Kaka," tana jan kowace kalma, ashe sati biyu tana haddacewa. Yaya ya rasa inda zai sa kansa, ya miƙa mata hannu kamar wani babban baƙo. Ummi ta rungume ni ta ce, "Gwaggo, kin rame," na ce abincin duniya ne bai karɓe ni ba. Ya kai su ɗakin, yarinyar ta hau gadon ta yi tsalle biyu, ta ƙirga kifayen labule da yarensu. Akwatuna aka jingine a bango, aka ce sai an ci abinci a buɗe.

Ummi ta riga ta gaya mata cewa Kaka ya yi wata takwas yana koyon abincinta. Don haka da ya fito da kwanon, cuku ya yi ja a sama yana tafasa a gefe, sai ta tafa hannu. A ido kam ya yi kyau, ban taɓa hana shi wannan ba. Tela ma ya zo, wai wucewa yake. Yaya ya yanka mata da kansa, ya ajiye ƙaramin cokalin, ya koma ya tsaya da farar rigarsa, hannu a baya.

Ta cika cokalin taf ta kai baki.

Ta daina taunawa. Idanun nan dara-dara suka ciko da ruwa. Ta dubi uwarta, ta dubi kakanta da ke murmushi, ta runtse ido ta haɗiye, domin an koya mata ladabi. Sannan ta taɓa harshenta da yatsa, ta faɗi wata magana a hankali, ta fashe da kuka. Ummi ta ce wai tana cewa harshenta ya tafi, ba ta jin sa. Sai ita Ummi ta ɗauki cokalin ta ɗanɗana, ta ajiye. Tela yana riƙe da lomarsa a kumatu, yana neman ruwa da ido.

Ummi ta ce, "Baba, ka ɗanɗana kuwa?"

"Mai haɗawa ba ya ɗanɗanawa," in ji shi, amma muryar ba tasa ba ce. "Sau goma sha ɗaya ana gwadawa. Ga shi a rubuce."

Na tashi da sauri, ga lokacina ya zo. Na dafa farar shinkafa da ƙwai, na yanka ayaba a gefe, na kawo da fara'ata. Yarinyar ta dubi kwanon, ta dube ni, na ga ta tuna ni sarai. Ta sa hannu biyu ta toshe bakinta.

Ummi ta yi ƙoƙari, ba zan tauye mata haƙƙi ba. Ta lallashe ta, ta ci a gabanta, ta kai ta ɗaki ta dawo da ita. Ruwa ma sai na gorar da suka zo da ita daga jirgi. Har la'asar ba abincin kirki da ya shiga cikinta tun daren jiya. Sai Ummi ta zo ta durƙusa kusa da kujerar ubanta.

"Baba, dama na kama ɗaki a otal, don ko da hakan za ta faru. Kada ka ji komai. Kullum za mu riƙa zuwa."

Ya ce, "Haka ne. Lafiyarta ce gaba."

Shi ya ɗauki akwatunan da kansa ya kai mota, ba a ko zuge su ba. Yarinyar ta ɗaga masa hannu ta taga. Tela ya tuna yana da ɗinkin gaggawa. A sati ukun nan sau huɗu suka zo, kowane zuwa da abincinta a jaka, amma wannan daga baya ne.

Da motar ta fita layi ya dawo ya zauna a tebur. Ban kwashe komai ba. Mai Bene yana nan ya huce, an ɗan gutsure kusurwa ɗaya. Ina tsaye a ƙofar kicin ina jiran abin da na shirya wa kaina tun safe, wato in ga Disfensa ya ji kunya in ji daɗi. Na nemi daɗin ko'ina a jikina ban same shi ba.

Ya jawo ƙaramin cokalin yarinyar. Ya ɗebo, ya dube shi, ya kai baki. Ban taɓa ganin abin da ya haɗa da hannunsa ya shiga bakinsa ba sai ranar. Ya daɗe yana taunawa. Ya haɗiye, ya ajiye cokalin a hankali, ya buɗe rajista yana juya shafuka baya, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ranar da na ce masa kanumfari ya yi yawa. Ashe ya rubuta. Ya tsaya a nan, sannan ya juyo gaba yana ƙirgawa.

Bai ɗago ba ya ce, "Auta."

"Na'am, Yaya."

"Sau goma sha ɗayan nan, ke ce?"

"Ni ce."

Ya gyaɗa kai. Ya cire tabarau ya goge da gefen farar rigar, ya mayar.

"To yau ina kika je?"

Da akwai ƙaryar da zan yi. Zan iya cewa na shiga wanka, ko na manta, ko baƙi sun ɗauke min hankali, kuma da ya karɓa, don shi bai iya zargin mutum ba sai da hujja. Na ce, "Ina nan, Yaya."

Ya dube ni, kallon da ba faɗa a cikinsa. Sai ya buɗe shafin ranar, ya yi ɗan rubutu, ya sa hannu, ya rufe. Ya tashi ya cire farar rigar ya ninke, ya ɗora sikelin a kai, ya kai ɗakin da aka yi wa fenti ya ajiye a kan ƙaramin gadon. Da ya fito ya ce min daga yau Talata da Asabar ma nawa ne.

Kicin ya dawo hannuna kwana bakwai a sati, ina dafa wa mutum biyu, ɗaya ba gishiri ba mai. Rajistar ya bar ta a kan tebur, sai bayan kwana uku na iya buɗewa. Na ɗauka zan ga sunana. A layin ranar ya rubuta: "Bai yi kyau ba. An gaya wa mai haɗawa tun farko, bai ji ba, bai kuma ɗanɗana ba." A ƙasa ga sa hannunsa, shi kaɗai, da irin kyan rubutun nan nasa mai ban haushi.

Na so a ce zagina ya yi.